KIMIYYA A SAUƘAƘE: Takin Supa Da Toka Ba Su Ga Maciji

Duk manomin gyaɗa ya san takin Supa, amma ba kowa ya san cewa asalinsa dutse ne ba. Dutsen fosfat ake kiransa. Fiye da rabin wanda aka sani a duniya yana ƙasar Maroko, akwai shi kuma a Togo, da jihar Sakkwato, da yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar. Abincin shuka yana cikin dutsen nan, sai dai a ɗaure yake. Ko an niƙa shi ya yi laushi kamar garin tuwo, ba ya narkewa a ruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, saiwa kuwa ba ta cin abin da bai narke ba.

Cikin 1840 wani masani Bajamushe, Justus von Liebig, ya ba da shawarar a riƙa jiƙa ƙasusuwa da asid kafin a zuba su a gona. Cikin 1842 John Bennet Lawes na Ingila ya yi rajistar dabararsa ta yin haka, ya kafa masana'anta a Landan cikin 1843. Asid ɗin da ake amfani da shi ba baƙo ba ne, shi ne wanda ake yi daga farar wuta, wanda direbobi ke kira ruwan batir. A Nijeriya an buɗe masana'antar takin Supa ta Gwamnatin Tarayya a Kaduna cikin 1976, ta riƙa sayo dutse daga Togo.

To, me ke faruwa idan ruwan batir ya gamu da garin dutse? Uwargida ta riga masana sanin tushen zancen, domin ta san kanwa na kashe tsami. Masana sun raba irin waɗannan abubuwa gida biyu. Dangin tsami, watau asid, su ne masu ba da wata ƙwaya da ake kira haidurojin. Dangin kanwa da toka su ne masu karɓarta. Fosfat na cikin masu karɓa, yana kuma da gurbi uku. A cikin dutse duk guraben a wofi suke, saboda haka fosfat ya rungumi sinadarin kalsiyam ƙam-ƙam. Idan asid ya cika gurbi biyu, sai riƙon ya saki, a sami gishirin da ke narkewa a ruwa. Ragowar kalsiyam kuwa sai ya haɗu da farar wutar asid ɗin, abin da ya sa Supa ke yi wa gyaɗa amfani uku: fosfat, da kalsiyam, da farar wuta.

A masana'anta haɗin nan yakan yi zafi har ya kai na tafasasshen ruwa, tururi na tashi, kwaɓin ya daskare, sa'an nan a jibge shi makonni kafin a ɗura a buhu. Wanda ya ga wannan zai ce ai zafin ne ke tafiyar da aikin. Haka manyan masana suka zata a ƙarni na 19, cewa ba abin da ke haɗuwa da kansa sai wanda ke fitar da zafi. Fosfat na cikin abubuwan da ke ƙaryata wannan zato.

Masana suna da mudunsu na awon ƙwayoyi, ana kiransa mol, zafi kuma da kilojul suke auna shi. Idan mol ɗaya na asid mai ƙarfi ya gamu da ɗan'uwan kanwa mai ƙarfi, ana samun wajen kilojul 57, zafin da ya isa ya ɗaga lita ɗaya ta ruwa da digiri 13 da ɗoriya. Amma da aka auna fosfat a cikin ruwa, sai aka ga abin mamaki. Cika gurbin farko na fitar da wajen kilojul 15. Cika na biyu, wajen 4 kacal, abin da da ƙyar zai ɗaga litar ruwa da digiri ɗaya. Na uku kuwa ba ya ma fitar da zafi, shan wajen kilojul 8 yake yi, duk da haka yana aukuwa in asid ya wadata. Ashe babban kaso na zafin masana'anta daga shi kansa ruwan batir yake fitowa, wanda ko da ruwa zalla ya gamu sai ya yi zafi.

Ruwa ba ya tsami banza. In ba zafi ke tura haidurojin cikin gurabe ba, tilas akwai wani abu. Josiah Willard Gibbs na Amurka ne ya warware wannan a rubuce-rubucensa na tsakanin 1875 da 1878. Ya nuna alƙalai biyu ne ke yanke hukunci. Na farko zafi, na biyu kuwa watsuwa, watau ɗabi'ar ƙwayoyi ta son sakewa da bazuwa, wadda masana ke kira entirofi. Fosfat mai guraben wofi yana da cajin lantarki uku, ƙwayoyin ruwa na kewaye da shi a ƙame kamar fadawa a gaban sarki. Duk lokacin da haidurojin ya cika gurbi, caji ya ragu, sai wasu fadawan su sami sallama, kowa ya kama gabansa. A gurbi na biyu, ƙarfin da ke tura haɗin ya kai wajen kilojul 41, amma zafi 4 kaɗai ya bayar. Watau kashi tara cikin goma na aikin sallamar fadawa ce.

Lissafin Gibbs yana kuma faɗin wanda zai rinjaya idan biyu na jayayya kan haidurojin, a nan ne zancen ya shafi aljihun manomi. Ƙarfin da gurbi na biyu ke riƙe haidurojin da shi 41 ne, amma ɗan'uwan kanwa mai ƙarfi, irin wanda ke cikin ƙonanniyar farar ƙasa, yana fizgarsa da ƙarfin wajen 80. Toka ba ta kai nan ba, amma ita ma ta fi gurbi na biyu ƙarfi, ga ta kuma ɗauke da kalsiyam. Saboda haka wanda ya cuɗa Supa da toka ko da farar ƙasa, ya bar su cikin laima, ya kwance aikin da masana'anta ta yi. Haidurojin zai fice, fosfat ya koma hannun kalsiyam, takin da aka saya da tsada ya kama hanyar komawa dutse. Lalle kanwa uwar gami ce, har a gona.

Ba a ce toka ba ta da amfani ba, taki ce mai kyau, amma kowa da ranarsa. Haka nan ƙasa mai tsami ƙwarai tana da nata tarkon, domin ƙarfen da ke cikin jar ƙasa na kama fosfat ya riƙe. Ƙasar da ke tsaka-tsaki, ba tsami ba kanwa, ita ce ta fi sakar wa shuka abincinta. Don haka ne malaman gona ke cewa a binne Supa kusa da iri lokacin shuka maimakon a watsa shi ko'ina, gama fosfat ba ya tafiya nesa a cikin ƙasa, saiwa ce ke zuwa ta same shi. A ajiye buhun a busasshen wuri, nesa da murhu, tokar kuma a kai ta gona a wani lokaci daban.