Wasiƙun ƙaramar hukuma, a wayar wa suke kwana?

A farkon watan Afrilun 2024, lokacin da hukumomin mulkin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi a duk faɗin Nijar, aka naɗa kantomomi a madadin magadan garin da suka fito daga majalisun da aka zaɓa a Disamban 2020, an yi bikin miƙa ragamar aiki yadda aka saba: hatimi, makullan ofis, rajista, babur ko mota in akwai. Abin da ba ya shiga takardar miƙa aiki shi ne akwatin imel. Ga shi kuwa yau rabin aikin meri ta nan yake bi.

Ku ɗauki takardar sanarwa ta ofisoshi da ƙungiyoyin ƙasar nan, ku dubi ƙasan shafi. Sau da yawa adireshin da za ku gani yana ƙarewa da yahoo.fr ko gmail.com, kuma sunan mutum ne a gaba, ba sunan ofis ba. Ba wani nake nuna wa yatsa ba, al'ada ce da ta game ko'ina, daga meri zuwa likita, daga lakwal zuwa ƙungiyar mata masu lambu. Mutum ya buɗe akwatin da lambar wayarsa, ya yi shekara uku yana karɓar wasiƙun aiki a ciki. Ran da aka yi mishi canjin wurin aiki, ko ya rasu, ko wayar ta faɗa rijiya, shi ke nan. Wanda ya gaje shi ya fara daga fari, yana buga waya yana roƙo: don Allah a sake turo mini yarjejeniyar nan.

Ga komin irin Ɗan Kassari wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shekaru da dama ana hulɗa da abokan aiki na nesa, kamar ƙungiyar Tarbiyya Tatali da garin Cesson-Sévigné na Faransa, ga rahotannin da ake aikawa Dogon Dutsi da Dosso da Yamai. Maganar rijiyar burtsatse, kuɗin gyaran aji, jerin sunayen waɗanda za a ba tallafi, duk a rubuce suke cikin wasiƙu. Ranar da aka tashi bincike, baki ba ya zama shaida. Kuma Google ya sanar cewa daga Disamban 2023 yana iya share akwatin da aka yi shekara 2 ba a buɗe ba. Ke nan ko tsohon ma'aikaci mai amana ne, ajiyar tana iya ɓacewa ba da saninsa ba.

Mafitar ba sabuwa ba ce. Ofis ya yi hayar akwatin imel da sunansa wajen kamfanin da ke ajiye saƙonni, in so samu ne mai ƙarewa da .ne, alamar Nijar a intanet, sannan a haɗa shi da manhajar karanta wasiƙu a kwamfutar ofis. Thunderbird kyauta ce, Outlook kuma tana zuwa cikin kayan Microsoft. Haɗawar ba ta kai rabin awa ba: a saka adireshi da kalmar sirri, da sunan uwar garken da kamfanin ya bayar. Wasiƙa mai shigowa tana bi ta ƙofa 993 in an zaɓi tsarin IMAP, ko 995 in POP ne, mai fita kuma ta 465 ko 587. Yawanci ma Thunderbird da kanta take gano waɗannan lambobi.

Inda ake tuntuɓe shi ne zaɓi tsakanin tsarin biyu. POP yana kwaso wasiƙa ya sauke a kwamfuta, kuma in ba a gyara shi ba yana iya share ta daga can. Kwamfuta ta ƙone, komai ya tafi. IMAP kuwa yana barin asali a wajen kamfanin, kwamfuta da waya duk suna ganin abu ɗaya. Amma fa madubi ne: wanda ya goge wasiƙa a wayarsa, ta gogu a ko'ina. A ganina IMAP ya fi dacewa da ofis, da sharaɗin a umurci manhajar ta riƙa ajiye cikakken kwafi a kwamfuta, kuma duk ƙarshen wata a kwashe shi a ƴar kle ta USB a kulle a durowa.

Wani zai ce, to ai waya ta wadatar, mi ya kai mu ga kwamfuta? Amsar tana ga rezo da kuran. Wanda ke buɗe imel ta shafin intanet, rezo ya ɗauke, ko tsohuwar wasiƙa ba ya iya karantawa. Mai manhaja a kwamfuta kuwa yana karanta abin da ya riga ya sauka, ya rubuta amsa goma ya jera, rezo na dawowa su tafi. Ba mu manta ba da watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Shigowar Starlink a 2025 ta sauƙaƙa wa masu hali, amma kuɗin na'ura da na wata-wata ba kowane ofishin karkara ke iya ɗauka ba. Ƙaramar kwamfuta mai batir da farantin hasken rana guda sun isa wannan aiki.

Sai dai kada a ɗauka babu ƙaya. Akwatin haya kuɗi ne duk shekara, kuma kamfanoni na waje da katin banki suke karɓa. In shekara ta zagayo ba a biya ba, sunan ya faɗi, wasiƙu su riƙa komawa ga masu su, wani ma yana iya saye sunan. Dole a sa shi cikin kasafin komin, kusa da kuɗin takarda da tawada, kada ya rataya ga aljihun wani ɗan gari mazaunin waje. Akwai kuma tambayar inda wasiƙun suke zaune. Ƙasar da ke ta maganar ƴancin kai, takardun ƙananan hukumominta na kwana a na'urorin Faransa ko Amurka. Nijar tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido, ga kuma ANSI mai kula da zamanantar da aikin gwamnati. Su ya kamata su ba kowane komin akwati na hukuma, maimakon kowa ya yi ta kansa.

Kafin nan, akwai abin da ba ya buƙatar ko dala. Adireshi ya zama na kujera, kamar na sakatare janar ko na ofishin haihuwa da aure, ba na mai zama a kanta ba. Lambar wayar da ake maido da kalmar sirri ta zama ta ofis. Kuma ran miƙa aiki na gaba, a ƙara layi ɗaya a takarda, ƙarƙashin hatimi da makullai: akwatin imel, an miƙa, an canja kalmar sirri a gaban shaidu.