Abin Da Birnin Fas Ya Koya Wa Mutumin Suleja

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ilmin ba ya shiga sai ga wanda ya tafi da idonsa a buɗe. Kowace shekara mutanenmu suna zuwa birnin Fas na ƙasar Maroko, galibi don ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu can a shekarar 1815. Su yi ziyara, su sayo jallabiya da takalma da turare, su komo. Wannan duk daidai ne. Abin da nake so in jawo hankalin masu karatu a kansa shi ne wani darasi da birnin ke bayarwa kyauta, wanda muke barowa can ba mu ɗauko ba.

Na kwana biyar a Fas. An kafa birnin a zamanin Idrisu na Farko wajen shekarar 789, ɗansa Idrisu na Biyu ya faɗaɗa shi. Masallacin Ƙarawiyyin, wanda tarihi ya danganta gininsa ga wata baiwar Allah Fatima al-Fihriyya a shekarar 859, har yau ana salla cikinsa. Mota ba ta shiga lungunan tsohon gari, sai jakuna da alfadarai da 'yan tura kaya. A majemar Shuwara na tarar da majema tsamo-tsamo cikin ramuka suna jeme fata da hannu kamar yadda kakanninsu suka yi, baƙi kuwa daga Faransa da Amurka da Sin suna tsaye bisa soraye, kowa da ganyen na'ana'a a hanci saboda ɗoyi, suna kallo, sa'an nan su sauko su sayi jaka da takalmi. Watau abin da mu za mu ce ƙazanta ce a kawar daga gari, su sun mai da shi hanyar cin abinci.

Ba haka kawai abin ya faru ba. Sa'ad da Faransawa suka kama ƙasar a shekarar 1912, sabon gari suka gina a waje, aka bar tsohon yadda yake. A shekarar 1981 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin jerin kayan tarihin duniya, hukumomin ƙasar kuma suka dinga gyaran ƙofofi da makarantu da gidajen da suka tsufa. A shekarar 2024 baƙi fiye da miliyan 17 suka shiga Maroko, Fas kuwa tana cikin garuruwan da suke nufa.

To, a nan ne zuciyata ta komo gida. Wani saurayi da ya yi mini jagora ya tambaye ni daga ina nake, na ce daga Suleja, kusa da Abuja. Ya ce me garin nan yake da shi na tarihi? Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga labari ina da shi jingim, amma abin da zan ce masa ya zo ya gani da ido kaɗan ne. Shi kuwa, wanda bai kai shekara ashirin ba, ya san shekarar da aka gina kowace ƙofa.

Alhali mu ba matsiyata ba ne wajen tarihi. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a Fas ya girma, kuma cikin littafinsa da aka buga a shekarar 1550 ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau. Fatar jar akuya ta ƙasar Hausa ita ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Garin nan namu kuwa sarautar Zazzau ta dā ce ta kafa shi. Bayan Sarki Muhammadu Makau ya bar Zariya a zamanin jihadi, ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a shekarar 1828, ya kewaye ta da ganuwa, ba a kuwa taɓa cin garin da yaƙi ba har zuwan Turawa a shekarar 1902. Da aka zaɓi wurin sabon babban birnin tarayya a shekarar 1976, muka ba da ƙasa, muka ba da har sunanmu, garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Dutsen Zuma da aka sa a bayan tsohuwar takardar naira ɗari a ƙofarmu yake. Ladi Kwali da ke bayan takardar naira ashirin a nan ta yi suna, a makarantar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe, inda ta shiga a shekarar 1954. Wane gari ne a Nijeriya zai ce abubuwa biyu nasa sun hau takardun kuɗin ƙasa?

Amma tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a shekarar 1991, Suleja ta zama masaukin wanda haya ta kora daga birni. Kowane fili ya zama fuloti, kowane tsohon soro ana jiran ranar da za a rushe shi a kafa shaguna. Yara nawa ne a makarantunmu za su iya nuna wa baƙo inda ganuwar Abu Ja ta bi, ko su faɗi sunayen ƙofofinta? Jakadun ƙasashen duniya da ma'aikatansu suna zaune tafiyar sa'a guda daga nan, suna neman wurin zuwa ran Asabar, mu kuwa ba mu tanadi abin da zai tsai da su ba.

Na san wani zai ce tarihi ba ya cika ciki, mutumin da ke neman ruwan sha da hanya ba ruwansa da tsohuwar katanga. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba, Fas ma ba aljanna ba ce. Na ga talauci a lungunanta, na ga gidajen da aka tokare da katako kada su faɗi, na ga samarin da ke matsa wa baƙo har ya ƙosa. Duk da haka maƙeri da baduku da masaƙi da mai jaki suna samun na tuwo saboda kakanninsu ba su rushe abin da suka gada ba. Ruwa da hanya ana iya kawo su baɗi in an rasa bana. Ganuwar da aka baje ba ta dawowa.

Saboda haka ina kira ga ƙaramar hukuma da masarauta da gwamnatin Jihar Neja su yi abu huɗu, waɗanda ba su fi ƙarfinsu ba. Na farko, a bi sawun ganuwa da ƙofofi tare da dattawan da suka san su, a sa alama, a hana gini kan abin da ya saura. Na biyu, a tsaya wa sana'ar ginin tukwane, a ba matan Gwari da sauran masu yinta wurin aiki da wurin sayarwa da baƙo zai iya zuwa. Na uku, a mai da tarihin Abuja da Hassan Dallatu da Shu'aibu Na'ibi suka rubuta cikin makarantunmu. Na huɗu, a horar da samari su zama 'yan jagora masu takardar izini, daga fada zuwa Zuma.

Ku kuma masu niyyar zuwa Fas, Allah Ya kai ku lafiya. In kun gama ziyara, ku ɗan zaga gari, ku dubi yadda mutane ke riƙon kayan gadonsu, ku komo mana da wannan tsaraba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa tun da sauran abin gyara, amin.