Fim dubu uku, amma ba a san inda ko ɗaya yake ba

Jama'a, makon jiya na shiga Shinkafi na zauna a shagon ƙanena, mai tura fina-finai da waƙoƙi a waya. Wata dattijuwa ta aiko jikanta da memori, wai a sa mata Sangaya, tsohon fim ɗin nan. Ƙanen nawa ya rantse yana da shi. Ya buɗe kwamfuta ta farko, babu. Ta biyu tana hannun yaronsa yana tura wa wani Izzar So. Ta uku caji ya ƙare. Minti ashirin ana lalube, yaro ya gaji ya karɓi memorinsa ya tafi. Da yamma sai ga fim ɗin a cikin wata folda da aka sa wa suna "sababbi 2".

Na ce masa, kai da ke da fim ya fi dubu uku, ina jerin sunayensu? Ya nuna kansa yana dariya: "Yaya, duk suna nan ciki."

To ni wannan dariyar ce ba ta yi min ba, don na san abin da ta jawo mana. Bara faifan ajiyarsa mai tera biyu ya faɗo daga tebur, bai sake tashi ba. Labarina da fassarar Algaita duk ya sake samo su cikin kwana uku wajen abokan sana'a. Abin da bai dawo ba shi ne bidiyon walimar saukar ƙanwarmu, inda marigayi Baba yake magana. Kwafi ɗaya ne tal. Fim ɗin Indiya guda kuwa ya kwafe shi sau uku a kwamfuta uku, don bai san yana da shi ba.

Abin da nake ta faɗa wa masu wannan sana'a daga nan Jangeru har Zurmi da Ƙaura shi ne, rauta ba ta buƙatar data kafin ta haɗa kwamfutocinku. Mutane da yawa sun ɗauka in babu sabis to akwatin banza ce. Ba haka ba ne. Ku tara fina-finan a kwamfuta ɗaya, ku buɗe foldar ga sauran ta cikin Windows, kowa ya ɗauka daga wuri ɗaya. In da hali a ja waya tsakaninsu, ta fi wayifai sauri wajen manyan fayil. Mai son abin ya yi tsari sosai akwai manhajar Jellyfin, kyauta ce: a ɗora ta kan uwar kwamfutar, sauran har da wayoyi su buɗe su ga jeri ɗaya, a rubuta suna fim ya fito. Hotunan fim da bayanansa ne kawai take ɗaukowa daga intanet, kuma yawancin namu na Hausa da hannu za ka shigar da su. Wanda duk wannan ya yi masa nauyi, ko Excel ya buɗe: suna, shekara, folda. Sannan faifai na biyu a gida, ba a shago ba, ana kwafe masa abin da ba a iya sake samowa.

Na san abin da za ku ce: wuta. Gaskiya ne, in uwar ta mutu duk 'ya'yan sun zauna. Amma kwamfuta ɗaya da rauta sun fi sauƙin riƙewa da sola a kan faifai uku da kowa ke zarewa yana sokawa har bakinsu ya lalace.

Kuma mu 'yan Zamfara bai kamata a tuna mana ba. Ranar 3 ga Satumba 2021 aka ba da umarnin rufe layukan waya a jihar nan gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Gusau aka fara maida wa bayan wata guda, mu muka ci gaba da jira. A lokacin YouTube ta zama labari. Abin da ke cikin faifan masu tura fim da Xender shi ya rage wa mutane zaman dare, har karatun malamai da tafsiri daga nan ake samu. Wa ya ba mu tabbacin ba za a sake ba?

Akwai maganar haƙƙin masu shirya fim, ban manta ba. Sabon fim da mai shi ke jiran ya maida kuɗinsa, tura shi a naira hamsin ba tare da izininsa ba cin haƙƙi ne, na faɗa wa ƙanena a gaban yaransa. Amma tsofaffin na zamanin kaset, irin su Wasila, da bidiyon bukukuwan garuruwanmu, da muryoyin makaɗan Zamfara da aka ɗauka a wajen taro, da yawa a hannun waɗannan yaran kaɗai suka rage, cikin folda marar suna.

Asabar zan koma da tsohuwar rautar da ke ɗakina da wayar haɗi mita goma. Ya ce sai dai in zo bayan la'asar, lokacin da ciniki ya lafa. Wanda ke da shago a kusa yana son ya ga yadda ake yi, ya yi min magana ta akwatin saƙo.