Tsohuwar Gadar Onica Ba Jakar Dako Ba Ce

Jama'a, wata magana ta ishe ni a tashar manyan motoci: wai tun da an buɗe sabuwar gadar Neja a 2023, tsohuwar da ke tsakanin Asaba da Onica ta gama yayi, kowa ya labta mata abin da ya ga dama. Wannan ganganci ne.

Kamfanin Dumez na Faransa ne ya gina ta, aka kammala a 1965, zamanin Tafawa Ɓalewa. Tsawonta ya kai kusan kilomita ɗaya da rabi. A 1967 sojojin Biyafara suka fasa wani sashe nata, daga baya aka gyara.

Ƙarafan nan da kuke gani an sarƙe su kusurwa uku-uku ba ado ba ne. Su ke rarraba nauyin mota har ya sauka kan ginshiƙan da ke cikin ruwa. Kowace mahaɗa tana da iyakar abin da za ta ɗauka. In tireloli masu lodin wuce ƙima suka yi cirko-cirko a kai, ga tsatsa tana cin ƙarfe, mahaɗar ce ke galabaita.

Shanunmu, albasarmu da tumatirinmu ta nan suke bi zuwa kasuwannin gabas. Ranar da aka rufe ta, mu za mu fara kuka. Shugabannin tasha, ku hana lodin ganganci tun daga wurin ɗora kaya. Gwamnati kuma ta kankare tsatsa, ta yi fenti, ta kafa ma'aunin nauyi a bakin gada.