Garin neman ƙiba a samo rama: gardama a kan Toyota 86

Tun shekarar 2012 da kamfanonin Toyota da Subaru na ƙasar Japan suka fito da wata ƴar ƙaramar mota mai ƙofa biyu, masu sha'awar motoci a Japan da Turai da Amurka suka rabu gida biyu, kuma har yau ƙurar ba ta lafa ba. Motar guda ce, sunaye ne suka yi mata yawa: a Japan Toyota 86, a Turai GT86, a Amurka Scion FR-S, a hannun Subaru kuma BRZ, dukkansu kuwa daga masana'anta ɗaya suke fitowa a garin Ota na jihar Gunma. Abin da ake jayayya a kansa shi ne, wanda ya saye ta ya bar ta yadda maƙera suka yi ta, ko kuwa ya kai ta gareji a ƙara mata ƙarfi? Ni dai ina da ɓangare, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wanda ya fara da ƙara wa wannan mota ƙarfin inji tun bai ƙware da tuƙa ta ba, ya ɓata abin da ya biya kuɗi ya saya.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san abin da ake magana a kai. Nauyin motar wajen kilo 1,250 ne, abin da ya sa ta cikin marasa nauyi a zamanin da motoci ke ta ƙara ƙiba shekara bayan shekara. Injinta mai lita 2 ne, ƙarfinsa na dawaki 200, kuma a kwance yake, fistin biyu ta dama, biyu ta hagu, domin nauyin ya sauka ƙasa kusa da kwalta. Tayoyin baya ne ke tura ta, na gaba aikinsu juyawa kawai. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa tana ɗaukar daƙiƙa 7.6, wanda a wajen motocin tsere ba abin a zo a gani ba ne. Kuɗinta a Amurka lokacin fitowarta bai kai dalar Amurka 25,000 ba, wato matashi mai albashi zai iya ɗaura ɗamara ya mallake ta.

Abin da ya fi tayar da hankalin jama'a shi ne tayoyin. Babban injiniyan aikin, Tetsuya Tada, ya sa mata sirara, irin waɗanda ake sa wa wani samfurin Prius, motar da aka sani da tsimin mai. Da gangan ya yi haka. Taya mai faɗi tana manne wa kwalta har sai gudu ya yi tsanani, sa'an nan ta suɓuce gaba ɗaya ba sallama. Siririya kuwa tana fara zamewa tun gudu bai yi yawa ba, sannu a hankali, ta yadda direba zai ji abin a hannunsa da ƙugunsa, ya koyi gyara sitiyari tun kuskuren bai zama na asibiti ba. Ashe motar makaranta ce aka ƙera, aka sa mata tayoyi huɗu.

Masu son a sauya ta suna da hujjoji, kuma rashin adalci ne a ce ba su da su. Na farko, sun ce injin yana da wani rami: idan juyinsa ya kai tsakanin 3,000 da 4,500 a minti, sai ƙarfin jan ya faɗi, direba ya taka ya ji kamar an riƙe motar ta baya. Wannan gaskiya ne, an auna an gani. Na biyu, sun ce kamfanin da kansa ya buɗe ƙofar, domin a Japan ya sayar da wani samfuri mai suna RC a kan yen miliyan 1.99, ba na'urar sanyaya ɗaki, ba rediyo, bamba ba fenti, ƙafafun ƙarfe zalla, saboda an san mai saye zai kwance su ya sa nasa. Na uku, sun ce gado ne. Sunan 86 daga Corolla AE86 aka ɗauko shi, wadda aka ƙera daga 1983 zuwa 1987, wadda matasan Japan suka yi ta kwancewa suna ɗaurawa, suna zamiya da ita a hanyoyin duwatsu, har Keiichi Tsuchiya ya yi suna da ita, har littafin zane Initial D da ya fara fitowa a 1995 ya kai labarinta duniya. Na huɗu kuma, wanda ya fi kowanne ƙarfi a bakinsu: kuɗina, motata, ina ruwan wani?

To, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Batun ramin nan, maganinsa na farko a hannun direba yake: ya sauke giya, ya bar injin yana juyi sama da inda ramin yake, tunda an yi shi ne ya kai 7,000 ba tare da ya koka ba. Wanda ya kasa wannan, sai ya garzaya a ɗaura masa tarbo, na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfin tsiya domin ya ƙona mai da yawa, har wasu su kai dawaki 300 ko fiye. Abin da masu sayar da na'urar ba su cika faɗa da babbar murya ba shi ne, wannan inji yana matse iska da mai har ninki 12.5 kafin ya kunna su. Ɗan uwansa da Subaru ta sa wa tarbo tun daga masana'anta, a motar WRX, ninki 10.6 kawai yake matsewa, domin injiniyoyi sun san idan matsi ya haɗu da matsi, mai yana kamawa kafin lokacinsa, ya daki fistin, ya lanƙwasa sandar da ke riƙe da shi. Daga nan sai lissafi ya fara tsawo. Ƙarin ƙarfi yana kawo ƙarin zafi, sai a nemi na'urar sanyaya baƙin mai. Kulocin asali ya kasa, sai a canja. Siraran tayoyi sun kasa riƙewa, sai a sa masu faɗi. Masu faɗi ba su shiga, sai a yanka jikin motar a liƙa mata fukafukai. Burki ya kasa, sai a sa manya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nauyinsa da kuɗinsa, garantin kamfani kuwa ya tafi tun a matakin farko. Ƙarshenta mutum ya wayi gari da mota mai nauyi, mai tsada, mai yawan zuwa gareji, alhali mara nauyi mai araha ya je saye. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Batun samfurin RC da gadon AE86 kuwa, hujja ce da ta juya wa masu ita baya. Tsohuwar Corolla ɗin nan dawaki 130 gare ta, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, kuma abin da ya ɗaukaka ta shi ne yadda gwani ke kunyata manyan motoci da ita a kwana. Tsuchiya ya yi suna ne da hannunsa da ƙafarsa. Haka kuma gasar da Toyota ta buɗe a Japan a 2013 domin 86 da BRZ kaɗai, dokarta ta bar inji kusan yadda yake, abin da ake taɓawa shi ne ƙarfen kariya na cikin mota, da sifirin, da burki, da taya, domin a ga wane ne direba. Da kamfanin ya tashi amsa koke-koken jama'a a 2021 da sabuwar GR86, ya faɗaɗa injin zuwa lita 2.4, dawaki 235, ya cike mafi yawan ramin nan, ya yi rufin da alminiyon domin nauyi kada ya gudu, kuma duk da matsin lambar shekara tara bai sa tarbo ba. Waɗanda suka fi kowa sanin motar sun sami dama sau biyu, sau biyu suka ƙi. Tun kafin su ma, Colin Chapman, mai kamfanin Lotus na Ingila, a kan wannan ra'ayi ya gina motocinsa: ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya yake amfani, rashin nauyi kuwa a ko'ina.

Saura hujjar kuɗina, motata. Lalle kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, kuma wanda ya gina mota domin filin wasa, kamar direban Amurka Ryan Tuerck da ya dasa wa GT86 injin Ferrari a 2016, ba wanda zai ce masa don me, tunda a fili killatacce yake abinsa, ya kuma san abin da yake yi. Amma hanyar gwamnati ta kowa ce. Malaman lissafi da kimiyya da ke karanta wannan shafi sun san ƙa'idar da suke koyarwa a aji: idan gudu ya ninka biyu, tazarar da mota ke bukata kafin ta tsaya tana ninka huɗu. Yaron da ke tsallaka hanya ba a yi shawara da shi ba ranar da aka ɗaura tarbo. Shi ya sa a Jamus sauyin da ya shafi lafiyar mota sai masu bincike irin su TÜV sun amince da shi, in ba haka ba izinin hawa hanya ya faɗi, a Japan kuma ake duba mota bayan shekara uku da saye, daga nan duk shekara biyu.

Akwai kuma mai saye na biyu da na uku. Mota tana daɗewa fiye da sha'awar mai ita. Wanda ya wahalar da inji shekara uku yana iya kwance na'urarsa, ya mayar da kayan asali, ya wanke, ya sayar, ciwon kuwa yana ciki ba a gani. Mu da akasarin motocinmu tsofaffi ne da suka ƙetaro teku daga Turai da Amurka, mun san wanda ke biyan irin wannan bashi: wanda ya tara kuɗinsa shekara da shekaru, ya sayi abin da bai san tarihinsa ba.

Kada a ɗauka ina goyon bayan waɗanda suka mai da motar kayan ado, masu cewa ko ƙusa ɗaya haramun ne a taɓa. Su ma sun kauce. Wanda ya yi shekara yana tuƙa ta, ya je filin koyo, ya taka burki har ya ji ya yi laushi don zafi, ya san dalilin da zai sa ya canja man burki da abin da ke kama faifan. Wanda ya ga baƙin mai yana zafi fiye da kima a filin tsere, ya sa masa abin sanyaya, ya yi daidai. Makanikanmu ma da suke ƙara wa motocin ƙauye ganyen sifirin saboda kaya da rairayi, larura ce ta koya musu, sun ga matsalar da idonsu kafin su ɗauki sifana. Gyaran da ya biyo bayan sani daban yake da wanda ya riga shi. Kowane malami ya san ɗalibin da ke son gyara littafi tun bai kai ƙarshen babin farko ba, ya kuma san abin da ya kamata a ce masa: koma ka karanta tukuna.

Abin da ya sa maganar ta wuce wasan masu hannu da shuni shi ne, irin wannan mota tana ƙarewa. A 2024 aka daina sayar da sabuwar GR86 a Tarayyar Turai saboda sababbin dokokin kariya da ba ta cika ba. Motocin lantarki da ke shigowa, batir ɗinsu kaɗai yana kai ɗaruruwan kilo. Ita kanta AE86, yau samun wadda ba a yanka ba, ba a dasa mata wani inji ba, ya zama aiki, har Toyota ta koma ƙera mata wasu kayan gyara a 2021 domin a ceci ragowar. Jikin da aka yanka ba ya komawa yadda yake, ko an yi nadama.

Saboda haka shawarata ga mai wannan mota, ko a Osaka yake ko a Lyon, ita ce ya ajiye kuɗin tarbo, ya sayi mai da tayoyi, ya biya malamin tuƙi, ya yi shekara guda cur yana koyo da dawakin nan 200 da yake rainawa. Ranar da ya tabbata ya ƙure su, ya san iyakarsu a kowace kwana da kowane burki, yana da ikon neman ƙari, kuma a ranar zai san abin da zai taɓa da abin da zai bari. Mahayin da bai gama sanin linzami ba, ingarma ba ta ƙara masa komai sai nisan faɗuwa.