Ƙuduji bai san iyakar gona ba

Shekarun da na yi ina koyarwa a wani ƙauye na gindin dutse a ƙasar Adar, tsakanin Keita da Buza, ina da maƙwabci, dattijo, wanda ba ya wasa da gonarsa. Da hatsi ya fara fidda kai, sai ya bi gindi-gindi yana tuge ƙuduji, ya tara shi a bakin gona, ya bushe, ya cinna masa wuta. Amma gonar da ke bisa tasa, mai ita ya tafi bida Abijan ya bar ta a hannun yara. Kowane watan Satumba sai ka hango ta daga nesa ta yi jajir da fure kamar an shimfiɗa zane. Wata rana na tarar da dattijon zaune kan dutse yana kallonta. Na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya ce, "Malam, ina aiki? Ni nake tugewa, ruwa na shuka mini."

Wannan magana ta fi mini darussa da yawa da na zauna a makarantar horon malamai. A ƙasar tudu da duwatsu, mugun haki ba matsalar mutum ɗaya ba ce. Abin da ya nuna a gonar bisa, shi zai tsiro a gonar ƙasa baɗi. Saboda haka ra'ayina shi ne, koyar da yaƙi da haki da tattalin ƙasa sai an yi shi gari guda, a lokacin da ya dace, kuma a mai da shi darasi na kowace shekara, ba aikin da ake jiran poroje ya zo ya biya ba.

Mu fara da ƙuduji, wanda wasu ke kira gaugai ko wuta-wuta. Kowane manomi ya san shi da ido, amma ba kowa ya san yadda yake rayuwa ba. Ƴaƴansa ƙanana ne kamar ƙura, kuma gindi ɗaya kan zubar da dubun-dubatarsu. Suna iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba, suna jiran saiwar hatsi ko dawa ta zo kusa. Da sun ji ta sai su tsiro, su manne mata, su yi ta tsotsar ruwa da abinci tun suna ƙarƙashin ƙasa. Kafin manomi ya ga ganyensa a fili, ya riga ya yi ɓarna mai yawa. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya tuge ƙuduji bana ba amfanin bana yake ceta ba, na shekaru masu zuwa yake ceta. Wanda bai fahimci haka ba zai tuge shekara ɗaya, ya ga damman da ya samu ba su ƙaru ba, ya ce aikin banza ne. Ga inda ilimi ke shigowa ke nan.

A makiyaya da burtali kuma garmani ne ke cin ƙasa. Dabbobi ba su damu da shi ba, sai su cinye ciyawar kirki tun kafin ta zuba iri, su bar shi ya yi ƴaƴa son ransa. Shekara ta zagayo, inda da ake samun ƙyasuwa da burburwa sai ka tarar garmani ne iyakar ganinka. Makiyayi ya rasa abincin bisashensa, ya matso bakin gonaki, daga nan kuma kowa ya san yadda rikici ke tashi. Tuge garmani kaɗai ba ya wadatarwa. Idan aka bar wurin tsirara shi zai dawo, sai an watsa irin ciyawa an kuma huta wa wurin kiwo har ta kama.

Waɗannan haki biyu alama ce ta ƙasar da ta gaji. Ƙuduji ya fi ƙarfi inda taki ya ƙare, garmani kuma inda aka kiwata har ƙasa ta fito. A kan gangare kuwa ruwan da ke kwashe ƙasar sama mai albarka shi ne ke ɗaukar irin haki ya kai wa na ƙasa, dabbobi da iska su ƙarasa sauran. Wanda ya jera duwatsu a gonarsa don tare ruwa, ya zuba taki, ya bar ƴan itatuwan da suka tsiro da kansu, yana yaƙi da ƙuduji ko bai sani ba.

Adar ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Tun 1984 aka fara porojen Keita da kuɗin ƙasar Italiya, da hannun hukumar FAO da ta PAM mai ba da abinci. An haƙa ramuka a jikin duwatsu, an yi madatsun ruwa, an dasa miliyoyin itatuwa, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin domin maza sun tafi bida. Duk wanda ya san yadda wuraren suke bayan farin 1984 ba zai raina abin da aka yi ba. Amma akwai wani darasi da muka koya ba tare da an yi niyyar koyar da shi ba, wato gyaran ƙasa aiki ne da ake biyan mutum ya yi. Har yau akwai garuruwan da jerin duwatsu zai ɓalle a gonar mutum, ya zauna yana jiran a zo a rubuta sunaye.

Misalin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa na Illela ne. A 1989 aka kai wasu manoman yankin ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki, a shuka. Suka dawo suka gwada, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, tassa ta bazu har mutane suka fara sayen fakon da da ba wanda yake so. Haka sassaben zamani ya bazu daga ƙasar Maraɗi tun shekarun 1980, daga manomi zuwa manomi. Abin da mutum ya gani da idonsa a gonar ɗan'uwansa ba ya buƙatar buhun alkama kafin ya karɓe shi.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce malamin makaranta ne zai koya wa manomi noma? Gaskiya ne, manomi ya fi ni sanin ƙasarsa. Abin da nake nufi shi ne a haɗa abin da ya sani da abin da ido ba ya gani, irin tsawon rayuwar iri cikin ƙasa da dalilin da ya sa gyaɗa ko riɗi a tsakanin hatsi ke rage ƙuduji: suna sa irinsa ya tsiro, ya rasa abin da zai kama, ya mutu. Wasu za su ce ba hannuwa, matasa sun tafi. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa aikin ke son gayya. Wasu kuma za su ce ga maganin feshi a kasuwa. Maganin ba ya taɓa irin da ke kwance cikin ƙasa, galibi rubutun jikin kwalbar manomi ba ya iya karanta shi, kuma abin da aka fesa a tudu ruwa zai gangaro da shi tabkin da dabbobi ke sha.

To me za a yi? Mu malamai mu fara da kanmu. Makarantunmu na rufewa a ƙarshen Yuni, su buɗe a Oktoba, lokacin da ƙuduji ya gama zuba iri. Ke nan darasin sai a watan Mayu da Yuni. A nuna wa yara irin a tafin hannu, a auna gangaren filin makaranta da su, a jera duwatsu tare. Yaron da ya fahimci abin zai kai shi gida, shi ne kuma zai shiga gona da damana.

Sai maigari da limami da kwamitin kula da makaranta su tsai da rana guda ko biyu, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, da furen farko ya bayyana, gari duka ya fita. A fara daga gonakin bisa a gangaro, a tara abin da aka tuge a ƙone, kada a bar shi yashe a gona don yana iya ƙarasa nuna. A gayyaci makiyaya, domin burtali nasu ne da namu. A sa mata a gaba cikin shawara, tun da su ke riƙe da gonaki da yawa. Gidajen rediyon karkara su riƙa tunatarwa da Hausa da Tamajak da Fulatanci a daidai makon, ba bayan girbi ba. Malamin gona kuma ya zo gona, ba ɗakin taro ba.

Saura maganar gonar da mai ita ba ya nan, da wadda aka ba da aro ko jingina. Mai aro ba zai zuba taki da gumi a ƙasar da za a iya karɓewa baɗi ba. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, kuma yanzu ana kafa su har a ƙauyuka. Aikinsu ne su rubuta aron na shekaru sanannu, su kuma amince cewa gari na da ikon shiga gonar wanda ya yi tafiya don tuge haki. Wanda ke Abijan ko Libiya yana aiko da kuɗin cefane, ya san cewa kuɗin goron masu gayya a gonarsa ma haƙƙin maƙwabta ne a kansa.

Dattijon nan bai nemi buhu ko jaka ba. Abin da ya rasa shi ne maƙwabcin da zai tuge nasa a mako guda da shi. Wannan kuwa gari ne ke iya samar da shi, idan an zauna an koya, an kuma sa rana tun kafin ruwan farko ya sauka.