Dokar Leahy Da Wa Take Aiki?

Malam Edita,

Ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan yadda Amurka ke sanya haƙƙin ɗan Adam cikin hulɗarta da ƙasashen waje.

Tun 1997 take da dokar Leahy, wadda ta haramta mata tallafa wa duk rundunar da aka samu sahihin bayani cewa tana gallaza wa jama'a. A 2014, lokacin da Boko Haram ke cin karenta babu babbaka, Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jiragen yaƙi masu saukar ungulu, har da hujjar take haƙƙi. Da jirgin sojanmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, gwamnatin Obama ta jingine cinikin jiragen Super Tucano 12. Trump na hawa, ciniki ya faɗa. Shin jinin mutanen Rann ya bushe ne cikin 'yan watanni?

Ba ina wanke sojojinmu ba ne, a tuhume su. Amma Masar, duk da kisan ɗaruruwan masu zanga-zanga a dandalin Rabaa a 2013, tana karɓar tallafin soja na kusan dala biliyan 1.3 a shekara daga Amurka. Biden kuwa, da ya sha alwashin mayar da Saudiyya saniyar ware saboda kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi, ƙafarsa ƙafar Jidda a 2022, da farashin mai ya tashi.

Ku aika wakilinku ya tambayi ofishin jakadancin Amurka a Abuja: da wane mudu suke awo?


Mai karatunku daga Maiduguri